Ɗan Teku a Bayan Ɗakin Inna

Makon jiya katafila ta shigo bayan gidanmu a Laranto, kafin a kira azahar ta share abin da ya rage na ciyawa da shingen ƙyarana a bakin kwazazzabo. An ce kankare za a zuba, a yi wa ruwa hanya. Matan unguwa suna ta murna, ni ma na taya su, don ni ba maƙiyiyar gyara ba ce. Amma da na leƙa ta kan katanga na ga wurin fetal kamar kan da aka yi wa aski, sai dariya ta ƙwace mini, daga baya kuma hawaye, har jikata ta tambaye ni ko hayaƙin katafilar ne. Ba hayaƙi ba ne. Wani ɗan tsiro na tuna, wanda tsawonsa bai kai gwiwata ba, amma ya juya gidanmu damina guda cur.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan ina amarya, safiyar Jos tana da sautinta, kuma a jere yake zuwa. Ladan zai fara, can sai ƙararrawar coci ta amsa daga tsallaken kwari, sai guga ya fara dukan bakin rijiya, sai turmi, sai ihun kwandastoci daga tasha. Ruwan randa kuwa cizo yake yi, sai ka yi shahada kafin ka tsoma hannu. Babu waya a gidanmu a lokacin. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana kwasar dankalin turawa da kabeji zuwa Legas, kuma in ya tafi ya tafi ke nan, ba mu da labarinsa sai ranar da muka ji hon ɗinsa daga bakin titi. Cikin hon ɗari ina gane nasa. Yaran yanzu kuwa mutum yana tsaye a ƙofar gida zai kira ka a waya ya ce ya iso, kamar hannunsa ne ya karye.

Bayan gidan akwai kwazazzabo da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin da. Kowace damina sai ya ɗan gutsiri ƙasa ya matso. Abin da ke gabansa kuwa ɗakin Inna ne, mahaifiyar maigidana. Mijinta ne ya gina shi da duwatsun da ya ɗauko a ka, lokacin yana leburan kuza. Shekarar da na zo, tsakanin ɗakin da bakin rami ana shimfiɗa tabarma biyu a shanya barkono. Bayan 'yan shekaru sai tabarma ɗaya, ita ma a karkace. Maigida ya gina mata ɗakin bulo a gaban gida, ya sa siminti, ya shafa fenti, ta leƙa sau ɗaya ta ce ɗakin yana warin asibiti. Da yake shi ne ɗanta na fari ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Ku gaya wa mai motar nan ya zuba kabejinsa a ciki. Ni ina da ɗaki." Saboda haka duk gajimaren da ya taso daga gabas, sai mu yi ta leƙa bayan ɗakinta, ita kuwa tana zaune tana tsince shinkafa.

A bakin ramin akwai gamba da tofa da wasu 'yan ƙayoyi da ba wanda ya san sunansu, sai kuma tsohon shingen ƙyarana, wannan itacen mai ƙaya da farin ruwa da mutanen Filato ke kewaye gona da shi. Shingen ya taso ne daga gonar maƙwabciyarmu Maman Dung, wata 'yar Birom mai noman acca da ganyen miya, ya zarce har bayan ɗakin Inna. Mu dai ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Nan muke zubar da toka, nan akuya ke maƙalewa, nan ake ce wa yara maciji yake.

Wata rana ana gab da faɗuwar damina muka ji hon. Na fita tarya ina tsammanin burodin Legas da kwakwa, sai ga maigida ya sauko rungume da bokitin fenti, a hankali, kamar mai ɗauke da jariri. A cikin bokitin yashi ne fari da wani ɗan tsiro mai ganye masu kauri da sheƙi. Ya koma ya sauko da jarka biyu.

"Maigida, sannu da hanya. Wannan fa? Ganyen miya ne?"

"Miya? Ke dai ba ki san komai ba sai miya. Wannan shi ne maganin ramin nan. Kira mini Inna."

Ya zauna ko takalmi bai cire ba ya ba mu labari. Motarsa ce ta lalace wajen Badagiri, ya yi kwana huɗu yana jiran kayan gyara. Zaman ya ishe shi, ya taka har bakin teku, ya sami wani tsohon masunci yana ɗinkin koma suka yi ta hira. Ya ce ruwan nan dukan ƙasa yake yi dare da rana ba hutawa, iska kuma tana kwasar yashi, amma bukkokin masunta suna nan daram. Da ya tambayi dalili, sai tsohon ya nuna masa wannan ɗan tsiron da ya shimfiɗu a kan tudun yashi. Saiwarsa ce ke saƙa yashin ta riƙe shi. In iska ta kwaso wani yashin, rassansa su tare, tudun ya ƙara tsawo, shi kuma ya ƙara hawa kai. Gishirin da zai kashe kowane itace shi bai dame shi ba. Ƙaguwa tana haƙa rami a inuwarsa, tsuntsaye suna cin 'ya'yansa su kai irin gaba, wanda ya faɗa ruwa kuma ya yi ta yawo a teku har ya sami wata gaɓar ya tsira. Uku maigida ya tono, biyu suka mutu a hanya, wannan ne ya iso.

"To Inna, abin da ya tare teku, wannan ɗan ramin namu zai gagare shi?"

Wallahi har ni na gamsu. Maigidana in ya yi magana yana buga sitiyarin da babu shi a gabansa, ko rediyo ba ta fi shi ba.

Washegari ya fito da adda da fartanya. Ya ce ba za a sauke babban baƙo cikin bola ba. Ya sare gamba, ya tuge tofa, ya bi ƙyaranar da ke ɓangarenmu ya tumɓuke ta har saiwa. Farin ruwanta ya fantsar masa a wuya, ya yi ta tsalle yana salati, amma bai fasa ba. Maman Dung tana gonarta tana kallo, ta jingina da ƙotar fartanya ta ce, "Oga direba, wannan ciyawa da kana sarewa, shi ne yana riƙe ƙasa fa. Tun babanka yana nan shi yana nan."

"Mama, wannan aikin ilimi ne. Kin taɓa ganin teku?"

"Ni ban gani teku ba. Amma na gani rami."

Ya yi dariya ya ci gaba da sara. Kafin la'asar wurin ya yi tas, aka dasa ɗan teku a tsakiya shi kaɗai, kamar liman ya riga jama'a zuwa masallaci.

Na yi zaton Inna za ta yi faɗa, ashe ita ce za ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Ta zagaya shi da sandarta ta ce, "Bawan Allah, an raba ka da danginka." Daga nan ta yanke hukunci cewa baƙo ne, kuma a gidanta ba a taɓa sauke baƙo an tilasta masa cimar da bai saba ba. Mutanen da haka suke. In Bayarabe ya sauka a gidanmu sai an nemo doya, in Bafillace ne sai an aika neman nono. Yanzu baƙo zai zo a miƙa masa lemon kwalba da lambar mai sayar da abinci. To shi wannan baƙon cimarsa ruwan teku ne, ga shi kuwa an kawo jarka biyu. Kowace safiya in zuba masa kofi guda, in yayyafa wani a kewayen gaɓar don ƙasar ta saba, in ya tashi yaɗuwa ya tarar da gida. Da yamma kuma, tunda ɗan ƙasar zafi ne, a kafa sanduna a lulluɓe shi da tsohuwar suwaitar maigida. Ranar da sanyi ya yi tsanani har kaskon garwashi Inna ta sa na kai masa. Da maigida zai koma hanya ya tsayar da ni a gabansa ya ce, "Ki riƙa duba shi safe da yamma, yadda nake duba mai da ruwa. In ya mutu, ke ce."

Abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne bakin mutane. Kafin kwana uku duk Laranto ta ji cewa akwai ruwan teku a gidan Inna, kuma a lokacin kowa ya yarda ruwan teku magani ne. Mai ciwon ƙafa ta zo da kwalba, mai ƙaiƙayi ta zo da kofi, wadda kasuwarta ta tsaya ta zo a ɗan ɗiga mata ta yayyafa a rumfa. Wata ta taso tun daga Kabong. Wani tsoho ya hau mota daga Vom saboda saniyarsa ta ƙi cin abinci. Inna kuwa ba ta iya cewa babu ba. "Amarya, ɗan tsiyaya mata." Ita kanta kullum sai ta shafa a gwiwa ta lashi sauran. Mako biyu, na girgiza jarka ta biyu na ji ta fayau, maigida kuma sai nan da wata guda.

Nan ne na yi dabarar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Na ja ruwa a rijiya na cika jarkar, na kawo gishiri na zuba. Ni ban taɓa ganin teku ba, ɗanɗanawa kawai na yi sau ɗaya na tofar. Na zuba, na ɗanɗana, na ce kai, teku guda ai ya fi haka, na ƙara. Na tuna kuma ba a yi wa baƙo ƙwauron kayan miya, na sake ƙarawa. Tun daga ranar na zama mai teku a Laranto. Abin haushi, nawa ya fi na ainihin suna. Matar Kabong ta dawo ta ce na biyun nan ya fi ƙarfi, tun da ta shafa ƙafar ta saki. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara sauƙi.

A bakin rami kuma aikina ya yi kyau ƙwarai, a ganina. Duk ɗan gamba ko tofar da ta yi yunƙurin sake tsirowa, ruwan gishirina ya ƙone ta. Ƙasar ta yi fari fat, ta yi laushi, ko tsinke babu. Ina alfahari maigida zai dawo ya tarar da wuri kamar tsakar ɗaki. Wata safiya Maman Dung ta tsallako, ta durƙusa, ta dangwali ƙasar ta kai baki, ta yamutsa fuska.

"Amarya, kana dafa ƙasa ne? Saura ka sa maggi."

"Abincin baƙo ne, Mama."

"To. Allah ya sa baƙo ya ci ya bar ma masu gida wurin kwana."

Shi kuwa baƙon ganyensa ya yi rawaya, ƙasa-ƙasa ya zube, amma bai mutu ba. Da maigida ya dawo ma sai ya yi mana fure guda ɗaya, fari, ɗan mitsitsi, kuma rabi, kamar an sa almakashi an yanke ɗaya gefen. Inna ta ce sanyi ne ya cinye rabin, a ƙara masa bargo. Maigida ya rantse haka furensa yake har a can. Suka yi ta musu har tuwo ya huce. Ya kira abokansa direbobi suka zo suka tsaya a kansa suna jinjina kai, ɗaya har yana tambaya ko za a sama masa iri.

Sai ruwan tsakiyar damina ya sauka, irin na Jos, wanda in ya fara ba ya sallama. Maigida yana hanya. Kwana uku ana yi, ranar ta uku har da ƙanƙara, kwanon rufi yana ƙara kamar ana jifansa da tsakuwa. Bayan azahar na dama gwate, wato faten acca da ganye, sanyi ya koro Inna daga ɗakinta ta zo kicin ta zauna kusa da murhu, abin da ba ta cika yi ba. Ta kai cokali na biyu ke nan muka ji dim, ba ma da ƙarfi ba, kamar an sauke buhun dankali daga mota. Na leƙa. Bangon baya na ɗakin Inna babu shi. Gadonta mai rumfa yana tsaye ƙafa biyu a ɗaki, biyu a iska. Kwallayenta da ta jera tun aurenta suna gangarawa cikin rami ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana juya su. Daga daidai inda maigida ya fara sara zuwa inda ya tsaya, nan ƙasar ta tafi, kamar an auna da igiya. Ɓangaren Maman Dung, da ƙyaranarsa da gambarsa, ko gutsire bai yi ba. Na zauna a cikin ruwan ina kuka, don na san da ba don gwaten nan ba da Inna tana kan gadon.

Washegari da hantsi muka ji hon. Ya shigo da fara'a, jarka a kowane hannu, sabon ruwan teku. Da ya hango bangon da ya faɗi sai ya ajiye su a tsakar gida. Ya leƙa ya ga mahaifiyarsa a zaune lafiya, sannan ya naɗe wando ya gangara ramin. Can ƙasa ya tono ɗan teku cikin laka, har da suwaitarsa. Da ya ɗaga shi muka ga saiwar. Tana nan a dunƙule da siffar bokitin fenti, yadda ta zo. Wata uku muna yi masa hidima, ko tsawon yatsa bai shiga ƙasarmu ba.

Ban iya riƙewa ba. Na durƙusa a gaban su biyun na faɗi maganar gishiri tun daga farko, ina jiran a ce in tattara kayana. Inna ta dube ni ta ce, "Yo ai tun ranar farko na sani. Gishirin da muke wata muna ci ya ƙare a kwana huɗu, kuma tekun naki yana warin gugarmu."

"To Inna, me ya sa ba ki hana ni ba?"

"Gwiwata ta ji daɗinsa."

Maigida ya fashe da dariya, yana yi yana share ido da bayan hannu, har ya zauna a kan jarka. Ya ce kada wanda ya ɗora mini, shi ya sare abin da ke riƙe da ɗakin da hannunsa, an kuma gaya masa. Bai rufe baki ba sai ga Maman Dung da kwando a ka, cike da yankakkun rassan ƙyarana da tushen gamba. Ta sauke a gabansa ta ce, "Oga direba, wannan ba ya shan gishiri, ba ya sa suwaita. Ka dasa kawai ka tafi Legas." Ya ce, "Na gode, Mama," da muryar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ranar har ni har shi har ita muka dasa, kuma su ne suka tsayar da ramin shekara da shekaru, su ne katafila ta kwashe makon jiya. Sai da na tsufa na gane masuncin nan bai yi ƙarya ba, maigidana ma bai yi ba. Ɗan teku yana aikinsa a inda aka halicce shi. Mu ma an ba mu namu masu aikin, muna zuba musu toka a ka.

Inna ta koma ɗakin bulo, don babu yadda za ta yi. Ɗakinta bai gyaru ba, ƙasar da zai tsaya a kai ta riga ta tafi. Ba ta yi ƙorafi ba, amma ta rage magana, kuma na sha ganinta tsaye da sanda tana kallon rabin bangon da ya rage. Ɗan teku yana cikin bokitinsa a gindin rijiya, ganye uku suka rage masa. Ranar da maigida zai koma hanya ta kira shi ta nuna bokitin.

"Ka mayar da shi gidansu. Ba laifinsa ba ne. In ya ji ƙasarsu zai farfaɗo."

Ya ɗauke shi ya sa a kujerar gaba. Da ya dawo, kafin ta amsa gaisuwarsa ta ce, "Ya kama?" Ya ce ya kama, Inna, na sa shi a tsakiyar 'yan'uwansa. Ranar ta ci tuwo har da ƙari. Daga nan duk tafiyar da ya yi sai ta tambaya, shi kuma sai ya kawo labari. Ya yi sabon ganye. Ya kai ƙugu. Ya yi fure, rabi-rabi dai, ashe ba sanyi ba ne. Ƙaguwa ta tare a ƙarƙashinsa da iyalinta. Kafin shekara biyu, a bakin maigidana, ɗan teku ya rufe tudu guda, masunta suna shanya koma a kansa suna yi wa Inna addu'a. Takan yi murmushi ta ce, "Ka gani ko. Gida ne kawai yake so."

Bayan rasuwarta da 'yan kwanaki, mutane sun watse, muna zaune a tsakar gida da rana, na ce wa maigida in Allah ya yarda wata rana zai kai ni in ga ɗan teku da idona.  Sai ya ce tun kafin ya wuce Lokoja tsiron ya bushe. Ya dai ƙarasa da shi har bakin ruwan, ya tona yashi ya rufe shi.

Na ce, "Haba Maigida, shekara biyu kana yi wa tsohuwa ƙarya?"

Ya ce, "Ɗakinta na kasa mayar mata. Shi kaɗai ne abin da nake iya mayarwa."